Mai Ɗinkin Ɓaraka

A Brno, hawa na uku, saman gidan burodi,
aikina ɗinke abin da wasu suka yaga.
Vendelín ke da lissafin wasan, ni ke da labarinsa.
Shekara shida tebur na kallon tebur,
duniyarmu ba ta taɓa zama ɗaya ba.

Na rubuta cewa jarumar ta sare dodo mai kai bakwai,
ta ratsa kogin wuta da takalmin fata.
Shi kuma ya kafa shinge iya gwiwa
a bakin gonar kabeji,
ta tsaya tana dungurinsa kamar tunkiya,
ba ta iya tsallakewa ba.

"Samo dalili," in ji shi, yana kurɓar kofi mai sanyi.
Sai na ce kakannin manoman
sun binne rantsuwa a gindin shingen.
Masu wasa suka gyaɗa kai,
wani har ya zana taswirar inda aka binne ta.
An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Tawa ta yi jikoki, ban ko ba ta ruwa ba.

Takubba arba'in a jaka ɗaya, garkuwa tara, da cuku?
Na ce jakar fatar aljani ce.
Masu duba sun rantse gobe rana za ta mutu,
ita tana bakin tafki kwana talatin tana kamun kifi?
Na ce a ƙasar nan gobe tana da kunya,
ba ta shiga inda ba a kira ta ba.

Daren Laraba, dusar ƙanƙara na lasar taga,
Dobromila, 'yata, shekara tara,
ta miƙe ƙafa a kan darduma tana wasan.
Akwai maƙeri mai rakiyar jarumar, Ostoj,
ya faɗi a fagen fama sau ɗari ko fi,
kullum ta ɗiga masa ruwan raɓa, kwalba ɗaya,
ya miƙe yana karkaɗe gemu
kamar ba shi aka soke ba.

Sai suka iso gada.
A nan labari ke ƙwace linzami daga hannun mai wasa.
Kibiya ɗaya. Ɗaya tak.
Ni na rubuta ta, wata ranar Talata, ina cin tuffa.
Ta danna, ta danna, ta danna,
babban yatsanta ya yi fari.
"Baba, kwalba sittin da uku gare ni.
Me ya sa ba a ba shi ba?"

Ina da amsa. Tana shafi na ɗari biyu da sha biyu:
faɗuwar fama suma ce, raɓa masu suma take tasarwa.
Amsa mai kyau, ɗinkin da ba a ganin zarensa.
Na buɗe baki,
sai na ga ba allon take kallo ba.

Kujerar nan take kallo, ta kusa da murhun ɗumama ɗaki,
inda tabaran kakarta ke nan a ninke
bisa safar da aka saƙa rabi.
A watan Fabrairu ta ga kantar asibiti,
kwalabe jere har sama,
waɗanda sau uku suka dawo mana da tsohuwar,
ran na huɗu ba su ce komai ba.

Taragon lantarki ya wuce, gilasai suka yi rawa.
Na ce, "Ban sani ba."
Ta jima shiru. Ta adana wasan.
Kwalaben nan, ko ɗaya ba ta sayar ba.

Da safe ƙanshin burodi ya riga ni hawa bene.
Vendelín ya ce, "Doki ya hau rufin coci, samo dalili."
Na samo masa: dokin jikan iska ne.
Sannan na buɗe shafi na ɗari biyu da sha biyu,
na warware zaren a hankali, layi bayan layi.
Wannan ɓarakar a bar ta haka,
ta nan iska ke shigowa,
ba tawa ce in ɗinke ba.